Abin da Katafila Ta Rage

Ranar Talata katafila ta ci gidan nan na Ebute Meta,
bene hawa biyu, ɗan shekara sittin da ɗoriya.
Kafin azahar ta gama, ta share baki, ta juya.
Mu kuma muka shigo, ni da Haladu da ƙanen matarsa,
da guduma, da shebur, da baro mai ƙafar da ke kuka.

Ɗan kwangila ya ce shara ce, a kwashe.
Ban tanka ba.
Wanda bai taɓa sayen ƙusa da guminsa ba
shi ke kiran ƙusa shara.

Rodi muka fara zarewa, kamar ƙaya daga jikin kifi.
A lanƙwashe yake fitowa, yana fushi.
Haladu ya kwantar da shi kan dutse
ya yi ta lallashinsa da guduma har ya miƙe.
Ba zai sake ɗaukar bene ba, kuma ba mu yi wa kowa ƙarya:
tagar shago zai tsare a Mushin,
ko ya koma wuta ya narke, ya dawo jariri.

Bulon da ya tsira da ransa, gefe guda.
Wanda ya farfashe, tifa uku cif,
layin Iya Modinatu muka kai a Agege,
inda damina ke kwana a ƙofar gida,
yara na zuwa makaranta da takalmi a hannu.
Muka zuba, muka daddaɓe.
Bangon da ya tsufa a tsaye yana tare ruwa
yau a kwance yake tare shi.
A Ikko ai ƙasar ma ciko ce.
Iya ta aiko da amala, ta ƙi karɓar ko sisi.

Kwanon rufi, mai shayi ya ɗauka.
Fasassun tayil, wani yaro ɗan Kwatano
ya jera su a harabar masallacinmu, ja kusa da shuɗi,
har baƙo ya tambayi ƙasar da aka yo oda.
Ƙusoshi na tara a gwangwanin madara,
da dare nake miƙe su ina jin rediyo.

Sai katakon bakin ƙofa guda, iroko,
nauyi kamar bashi.
Da na goge shi na ga tsagar wuƙa a jikinsa,
ɗaya bisa ɗaya, kowace da shekara a gefe,
da suna: Abeke.
Wani uba ya riƙa tsayar da 'yarsa a nan
yana auna yadda take tashi.
Tsagar ƙarshe ta kai kafaɗata, daga nan shiru.
Ko karatu ya ɗauke ta,
ko ta gaji da tsayuwa ne kawai,
Allah masani.

Kafinta ya taya dubu goma sha biyu.
Haladu ya ce sallama, mai gidan haya ba ya jin labari.
Na ce a cire a rabona.
Ya dube ni, ya dubi katako, ya ce kai dai ka sani.

Yanzu shi ne bakin ɗakina.
Jiya na tsayar da Hansatu, shekararta huɗu,
duga-dugai a jikin katako, ban da ɗage.
Ta ɗara Abeke mai shekara huɗu da yatsa biyu.
Na yi tata tsagar a ɗaya gefen
don kada su yi faɗa.

Ta ce, Baba, wace ce wancan?
Na ce yayarki ce da ba ku haɗu ba.
Ta ce ina gidansu?
Na ce rabinsa na kan mai shayi,
rabi kike takawa in za ki Islamiyya.

Da safe na hango ta a layin Iya Modinatu
tana tafiya a hankali,
takalminta a ƙafa.