'Yan Haya

Kwana goma sha ɗaya a asibitin El Alto,
robar ƙarin ruwa na ɗiga kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Magani ya yi aikinsa, huhuna ya washe.
Sai dai gobara ba ta tambayar suna:
ta ci ɓarawon, ta haɗa da mutanen gida.

Na dawo, cikina kango.
Duk abin da na haɗiya sai ya wuce fuu,
kamar baƙon da ya yi sallama ba a amsa ba.

Likita Yujra, mai tabarau ɗaure da zare,
ta juya bayan takardar magani, ta zana mini bututu.
Ta ce, "Anselmo, a nan akwai gari guda.
Mazaunansa ba ido, ba kunne,
ɗigon biron nan ya ishi dubbansu filin kwana.
Abin da ya gagari haƙori, abin da tumbi ya ƙi,
ɓawon wake, dusar sha'ir,
shi ne cimarsu.
In sun ƙoshi sai su biya haya
da wani ɗan asid mai maiƙo,
warinsa na man shanun da ya kwana biyu.
Shi bangon hanji ke sha ya yi ƙwari,
ya liƙe tsagoginsa.
Shi ke raɗa wa dakarun jini a kunne:
a yi a hankali, wannan ɗan gida ne,
a mai da wuƙa kube."

Na ce, "In babu su fa?"
Ta ce, "Mai gadin da bai runtsa ba
inuwarsa yake sara."

Mahaifiyata Eusebia ba ta kalli zanen ba.
Ta kwance bakin buhu, ta ɗebo dankalin nan
da sanyin Yuni ya daskarar,
aka tattake da ƙafa,
rana ta ƙona shi ya koma tsakuwa.
Ta jiƙa, ta dafa da wake da albasa,
ta dire kwano a gabana.
Na ce, "Kin san ba ni kike ciyarwa ba?"
Ta ce, "Ci dai. Surutu ba ya mai da kumatu."

Ban gaya mata sauran maganar likita ba,
cewa na farkonsu daga jikinta suka taso,
ranar da ta haife ni ta miƙa musu makulli,
ta bi su da nono.

Mako uku ke nan.
Iskar Illimani na kaɗa kwanon rufi,
motata na waje, raɓa ta lulluɓe gilashi,
jibi zan koma ɗaukar fasinja.
Ina kwance, tafina a kan cibiya,
sai na ji ƙugi can ƙasa, a hankali,
kamar ana jan kujeru
a ɗakin da ya daɗe a rufe.