Mai Hoton Fasfo

Shagona yana bakin Ƙofar Wambai,
tsakanin mai robobi da mai gyaran agogo.
Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya.
Aikina in ce: ɗaga haɓa, kar ka yi murmushi.

Shekara biyu wata Hajiya tana kawo mini ciniki,
turarenta kan riga ta shigowa.
Yara biyu, wani lokaci huɗu.
Ita ke biya, ita ke karɓar hoto,
ita ke amsawa in na tambayi suna.

Barira ta zo wata Laraba, lalle ja a yatsunta.
Aikin gida za ta, can ƙasar Larabawa,
wata shida ta saya wa innarta firji,
su daina sayen ƙanƙara don zoɓon sayarwa.
Sagiru kuwa, ɗan Kurna mai ɗinkin takalmi,
an ce masa ƙungiyar ƙwallo na jiransa a bayan teku.
Kwat ya aro, hannun ya fi nasa tsawo.

Na ce su ɗaga haɓa.
Suka ɗaga.

Bara innar Barira ta shigo da waya a tafin hannu,
murya a ciki, daƙiƙa goma sha ɗaya:
"Inna, sun karɓe takarduna.
Wai ana bina bashi.
Ban san sunan garin nan ba."
Ta roƙe ni in duba kwamfuta,
ko fuskar 'yarta ta saura.

Na Sagiru har yau ba wanda ya zo nema.
An ce motarsu ta wuce Agadas,
rairayi kuwa ba ya kawo saƙo.

Na daɗe ina cewa ni hoto kawai nake ɗauka.
Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga,
kuma shiruna ma tsaga ce.

Yanzu kafin in danna, sai na tambaya:
Wa zai riƙe fasfonka?
Ka ga takardar aikin da idonka?
Mai unguwa ya sani?
Na faɗa a masallaci bayan Magariba,
na faɗa wa matan adashi,
da direbobin tashar Ƙofar Ruwa.
Wasu sun ce ina toshe wa yara arziki.
Wani dattijo dai ya koma da jikarsa gida,
bai karɓi canjinsa ba.

Hajiya ta daina zuwa.
Ban yi murna ba,
Kano babba ce,
kuma ba ni kaɗai ke da farin ƙyalle a bango ba.