Inci Shida

Ranar da kuɗin sallama suka shigo
ban sayi fili ba, ban biya Sahabi bashinsa ba.
Na tuƙa tsohuwar motata zuwa Kwangila,
gindin gada, rumfar Ilu mai faci,
na ce ina son taya mai faɗi,
irin ta yaron nan maƙwabcina a Hanwa,
wadda in ta tsaya kamar bijimi ya kafa kofato.

Ilu bai ɗago ba.
Yana danna tib cikin ruwan baho,
yana jiran kumfa ta tona asirin ƙusa.
Da ya gama, ya goge hannu a cinya,
ya tsuguna gaban wilin da ta zo da shi daga kamfani,
ya auna da ɗani, ya sake aunawa da tef.

"Inci shida, Malam Dogara.
Da ɗari da casa'in da biyar aka haife ta.
Ɗari biyu da biyar, za ta ɗauka ba ƙorafi.
Amma wannan da kake shafawa,
biyu da ashirin da biyar,
leɓe zai matse, ciki ya turo,
tsakiya ta suɗe tun gefe na sabo."

Na ce, kuɗinka ne ko nawa?
Ya ce, naka.

Shekara talatin da biyar ina awon taki
a gonar gwaji ta Samaru,
giram bai taɓa ɗara giram a hannuna ba.
Yau ɗaya dai, in wuce awo in ji daɗinsa.

Sati na farko na ji shi kuwa.
A shataletalen Kofar Doka na zaga sau biyu
ba don na ɓata hanya ba.
Sati na biyu sitiyari ya fara gardama,
kowane tsagi a kwalta sai ya bi shi,
kamar akuya ta hango dusa.
Allurar mai ta koyi sujada.
Ban gaya wa kowa ba.

Sai ran Alhamis, daga kasuwar Giwa,
buhun masara huɗu a but, Ladidi da ƙanwarta a baya,
muka faɗa ramin nan na wajen Shika.
Gurrr.
Roba ta gaisa da ƙarfe.
Kowace kwana gurrr, kowane tudu gurrr,
warin ƙuna ya shigo ta taga ya zauna tare da mu.
Ladidi ta ce, "Malam, motar tana magana."
Na ƙara muryar rediyo.

A daren na tuna takalmin da Baba ya saya min
a Sabon Gari, ina aji uku,
lamba biyu ya fi ƙafata.
Ya cusa tsohuwar jarida a bakinsa,
ya ce, yi haƙuri, ƙafa za ta tarar da shi.
Ta kuwa tarar, kafin damina biyu.
Abin da na manta ke nan a gindin gada:
ƙafar yaro ce ke girma.
Wili ƙarfe ne, an gama maganarsa tun a wuta.
Ni ma, in an bi ta gaskiya,
an daɗe da gama aunata.

Da safe na koma.
Na shirya jin "ai na faɗa maka",
har na tanadi amsa biyu.
Ilu ya leƙa ƙarƙashin madigadi,
ya taɓa inda fenti ya goge ya koma azurfa,
ya ce wa yaronsa, "Mati, kawo jak.
Ɗauko biyu da biyar ɗin nan da na ajiye."

Ashe tun ranar ya ware su gefe,
ya rubuta sunana da alli.

Rabin kuɗi ya karɓi manyan.
Suna nan jingine a rumfarsa har yau,
wani lokaci in na wuce
nakan ga wani ya tsaya yana shafa su.