Ludayi a Bakin Kaka

Malama ta ce, ku je gida,
kowa ya sami wanda zai tsaya masa
a madadin wani shahararre,
ku gwada tambaya kafin Litinin.

Ni Ximena, mai rawar murya,
na hau matakala ɗari da sittin
zuwa gidanmu a kan tudun Valparaiso,
inda tsatsa ke cin kwanon rufi
don gishirin da teku ke aikowa.
Na tarar da kakana Eleodoro
yana yanka albasa.

Na ce, Kaka, yau kai mai zane ne,
wanda ya cika bangon unguwa da kifaye.
Na ɗauki ludayi na kai masa baki.
Ya karkata hula,
ya naɗa tsumman kicin a wuya,
ya ɗaga haɓa kamar mai bin sarki bashi.

Na ce, kana son zane?
Ya ce, e.

Tukunya kaɗai ta ci gaba da magana.

Ya ce, yarinya, wanda ya jefa guga ba igiya
kada ya zagi rijiya.
Sake.

Na ce, wane launi ya fi ba ka wuya?
Ya ce, shuɗi.
Da safe na gauraya shi daidai da teku,
kafin in wanke buroshi
teku ta canza riga.
Sau ɗaya tak na kama ta.

Na sunkuya ina neman tambaya ta uku.
Ya dafe takardar da hannu mai warin albasa.
Ya ce, na ajiye miki bakin zare,
kin tsallake shi kamar kashin kaza.
Na ce sau ɗaya tak.
Ba ki son jin yaushe?

Muka juya wasa.
Ya zura safar ɗaukar tukunya a hannu biyu,
ya tsaya tsakiyar ƙofa, gwiwa a lanƙwashe,
mai tsaron raga ɗan saba'in da huɗu.
Kyanwa ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa,
muka yi dariya har na yar da ludayi.

Na ɗauka, na goge, na ce,
cikin ƙwallayen da suka wuce ka,
wacce ce har yau ba ta gama wucewa ba?

Ya ce, ranar ana ruwa.
Filin ƙasa ne, can bayan tashar jirgi,
mu da 'yan tudun da ke kallon namu.
Ba ta zo da ƙarfi ba.
Gangarowa ta yi cikin laka, a hankali,
kamar tsohuwa mai dawowa kasuwa,
ta bi ta ƙarƙashin cikina.

A takardata, ta bakwai na cewa:
me kake ci kafin wasa?
Na bar ta a kwance.
Na riƙe ludayi, na riƙe bakina.
Wani jirgin ruwa ya yi kuka a ƙasa.

Ya ce, babana na tsaye bayan raga.
Zuwansa na fari ke nan,
bai kuma sake ba.
Muka hau tudu bai ce uffan ba,
sai a bakin ƙofa
ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini,
alhali mun riga mun iso.

Na ce, wa ke magana yanzu,
mai tsaron raga ko Kaka?

Ya share ido da safar tukunya.
Ya ce, albasa ce.
Kuma wannan tambaya ce mai kyau,
amma kin yi biyu a haɗe.

Ya karɓe ludayin daga hannuna,
ya ɗauraye, ya juya miya,
ya ɗebo, ya hura, ya kai mini baki.
Ya ce, to, baiwar Allah,
faɗa wa masu saurare:
gishiri ya ji?