Ƙofar Ƙarfe

Ni na ƙera ƙofar nan.
Kwana goma sha tara a rumfata ta Panteka,
hasken walda na cin idona, tartsatsi na huda rigata,
ban karɓi ko sisi ba.
Jagora ya ce ladana na can gaba.
Na ce madalla, na ƙara da fenti daga aljihuna.

Shekara bakwai ina zama a sahu na uku,
daidai inda iskar fanka ba ta kaiwa.
In ya yi tari mu ce hikima ce,
in ya yi shiru mu ce yana jin abin da ba ma ji.
Ya ce mai yawan tambaya ƙanin Iblis ne,
muka haɗiye tambayoyinmu kamar ƙwayar magani ba ruwa.
Ya ce dangin da ba su bi ba makamashin wuta ne,
na daina gaida yayana Sallau,
wanda ya koya mini riƙon ƙarfe.
Na hango shi a Kasuwar Barci na sauya layi,
ranar sunan ɗansa na kashe waya.

Kowace Juma'a da ambulan ɗinta:
na gini, na mota, na man janareto,
na taya shi murna, na taya shi jimami.
Barira ta sayar da keken ɗinkinta.
Tanimu ya miƙa takardar filinsa na Rigasa,
aka kira sunansa sau uku a lasifika,
ya yi kuka don daɗi.
Yau yana haya a ɗaki ɗaya bayan layin dogo,
filin kuwa shaguna takwas ne a kansa.
Mu garke ne, in ji shi, shi ne makiyayi.
Ban taɓa tambayar kaina ba
wa ke cin naman ranar Sallah.

Daren da Zinatu ta fara shiɗewa,
asibiti suka ce dubu tamanin kafin a taɓa ta.
Na taka da ƙafa cikin ruwan Agusta
daga Tudun Wada har Unguwar Rimi,
na tsaya gaban ƙofar.
Na san kowane ɗinki a jikinta,
na san inda hannuna ya yi rawa a kusurwar hagu.
Na ƙwanƙwasa.
Mai gadi ya leƙo ta 'yar tagar
da ni na yanka masa,
ya ce Jagora yana halwa.
Daga ciki ƙamshin farfesu ke fitowa
da ihun ƙwallo a talabijin.
Na sake bugawa, ya dawo da saƙo:
jarrabawa ce, in binciki zuciyata,
ƙila akwai watan da na rage a ambulan.
Ya miƙo ruwan tofi a gora, ya ce dubu biyu.

Sallau ne ya biya.
Ban san wa ya gaya masa ba.
Ya zo da silifas wari da wari, kuɗi ƙulle a leda,
bai ce mini ko "ai na faɗa maka" ba.
Ya zauna a benci har asuba,
da aka kira salla ya taɓa kafaɗata,
muka yi alwala a famfo ɗaya.

Ban bar Allah ba, kada ku ji an ce.
Na bar wanda ya tsaya tsakanina da Shi
yana karɓar kuɗin shiga.
Sun ce na ɓata, sun daina kawo mini aiki.
Tanimu ya gan ni ya sauya layi,
ban yi fushi ba,
na san nauyin wannan kau da kai.

Jiya na wuce ta Unguwar Rimi a keke.
Tsatsa ta fara cin kusurwar hagu,
daidai inda na sani.
An ce suna cigiyar mai walda.
Zinatu na gefena tana shan rake,
ta ce, Baba, gidan wa ne wannan?
Na ce, ƙofar dai tawa ce.