Turaku Biyu da Igiyar Guga

A Darazo, a ajinmu na ƙarshe,
kamfas ɗaya ne a makarantar duka,
shi ma ƙafa ɗaya ta karye.
Malam Barau bai kai kuka ofis ba.
Ran Talata ya shigo da karas huɗu a aljihu
da wuƙar albasa ta gidansa.

Ya ce, "Ku ɗauka mazurari ne."
Ya yanka a kwance, da'ira ta fito.
Ya ɗan karkata hannu, ta miƙe kamar ƙwan zabo.
Ya bi jirgen gefe, baki ya buɗe ya ƙi rufuwa.
Ya sara daga sama, ya ce wannan tana da tagwai,
sai dai karas ɗinmu bai kai ya nuna ɗayar ba.
Ɗantani daga bayan aji ya ɗaga hannu:
"Malam, in an gama lissafin, wa zai ci?"
Shi ya ci.

Washegari muka fita bayan ɗakin gwaji
inda yashi ya kwanta bayan ruwan dare.
Turaku biyu, taku shida a tsakani,
da igiyar guga da aka aro a gidan maigadi,
kowane kai an ƙulle shi a turke.
Ni aka miƙa wa sanda.

"Ja, Lantana. Ja ta ɗame.
Igiya mai sako-sako ƙarya take zanawa."

Na zagaya a sunkuye, mayafi yana jan ƙasa,
sanda tana kuka a cikin yashi,
har na dawo inda na soma.
Na miƙe, na duba,
ga ƙwai kwance, ya fi ɗakin innata faɗi.
"Elifs," in ji shi, kamar mai raɗa wa jariri suna.
"In kin yi nisa da wannan turke, kin kusanci wancan.
Abin da hagu ta rasa, dama ta karɓa.
Igiyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba."

Farabola kuwa da takardar ƙosai muka same ta,
wadda mai ya jiƙa har ana ganin bayanta.
Ɗigo ɗaya, layi ɗaya.
Naɗe layi ya taɓa ɗigo, murza da farce, buɗe.
Sake. Sake. Sau arba'in ko fiye.
Duk miƙaƙƙu muka naɗa, wallahi,
amma da muka ɗaga ta a rana
sai ga baka ya lanƙwaso a tsakiya,
ba wanda ya zana shi.
Tabawa ta ce tsafi ne. Malam bai musa ba,
ya ce ta je gida ta sake tsafin sau biyu.

Ta ƙarshen ce ban so ba,
haifabola, rassa biyu baya da baya
kamar wa da ƙani da suka raba gona,
kowa yana bin layin da ba zai taɓa cimma ba.
Na faɗi tambayarta a jarrabawa.

Yau shekara goma sha tara.
Ina koyarwa a Gombe, can Pantami,
muna da na'ura mai haska zane a bango
ranar da aka kawo wuta.
Inna tana Darazo, 'ya'yana suna nan.
Duk Juma'ar ƙarshen wata ina cikin motar Dukku,
in na matso nan, can yana ja,
in na isa can, waya ba ta barin kunnena.

Malam Barau ya rasu bara, da kaka.
Ban samu zuwa ba sai ran bakwai.

Jiya babu wuta. Na aiki yaro shagon kafinta,
ƙusa biyu, da zaren buhu.
Wata yarinya, Hansatu, ta riƙe alli,
hannunta yana rawa, zaren ya yi ciki.
Na buɗe baki zan ce a hankali,
sai na ji an ce, "Ja ta ɗame,"
da wata murya mai kaushi, ta mai shan goro,
ajin duka suka juyo suna kallona.