Bishiyar Cikin Memori

A rumfata ta Gujungu, bayan layin masu barkono,
inda janareta ke tari, wayoyi arba'in na shan caji,
Baba Tanimu ya kwance bakin ƙyalle
ya fito da memori, ƙanƙane kamar farcen jariri.
Ya ce, Sagiru, Barira na ciki.
Damina biyu da binne ta. Tana ciki, ta ƙi magana.

Na sa a kwamfuta, na danna. Shiru.
Na sake. Ta ce ba ta san wannan ba.

Sai na farke shi ta ciki yadda ake farke buhu.
Lambobi suka zubo biyu-biyu, layi bisa layi,
gero ne a tabarma,
ba ka san wace ƙwaya ta fito daga wace zangarniya ba.
Malaminmu na Dutse ya ce sifili da ɗaya ne asalinsu,
amma ido ba ya ƙoshi da sifili da ɗaya.

A gefen hagu akwai bishiya.
Ba inuwa, ba tsuntsu.
Saiwarta a sama, rassanta na gangarowa ƙasa,
kowane reshe da 'yar kibiya a gindinsa.
Taɓa kibiya, reshe ya buɗe, ya nuna 'ya'yansa.
Taɓa ɗa, can dama lambobinsa su yi shuɗi,
su ce ga mu, nan muka fara, nan muka tsaya.

Reshen farko haruffa huɗu ne, sunan gidan kenan,
kamar baƙo ya faɗi asalinsa tun daga zaure.
Na biyu ya faɗi irin muryar:
baki ɗaya ce, ana ɗibarta sau dubu takwas a daƙiƙa.
Duk lafiya lau.
Baba ya ce, ka gan ta?
Na ce, na dai ga ƙofar ɗakinta.

Reshe na uku shi ne rumbu.
A bakinsa ake rubuta yawan abin da aka zuba.
Sifili. Sifili. Sifili. Sifili.
Rumbu na rantsuwa ba komai a cikinsa,
ga dami nan ƙasa, na ja na ja bai ƙare ba.

Na ce, Baba, ranar caji ya ƙare?
Ya ce, ƙwarai. Ruwa ya cinye hanya, mako guda ban zo kasuwa ba.
To wayar ta mutu ne kafin ta ƙirga abin da ta tara.

Na ƙirga mata a bayan kwalin ashana,
daga bakin rumbu zuwa ƙwayar ƙarshe.
Gurbi huɗu ne kacal zan cike,
kuma daga baya ake jero su, kamar mai rubuta ajami.
Karon farko na manta, reshe ya yi ja wur.
Na goge, na juya su.
Na haura saiwa, can ma sifili, na gyara.
Bishiya ta yi shiru irin na yarda.

Iska ce ta fara fitowa.
Sai tabarya, can nesa.
Sai ita:
Malam, wai abin nan yana ɗauka?
Dariya.
Ka ɗaure tunkiyar nan kafin ta gama da waken, na faɗa ma tun...

Daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Baba ya ce, sauran fa?
Na gangara har ƙarshen reshe, na duba da kyau.
Babu wata kibiya.

Wani yaro ya zo karɓar wayarsa,
ya tsaya da katinsa a hannu, bai ce uffan ba.
Baba ya ajiye mini kwanon riɗi kan benci,
ya matso da kunnensa mai ji kusa da sifika.
Ya ce, ban ɗaure ta ba ranar.
Sake sa mini.